Nazarin lamari: Dillalin intanet a Maraɗi, tsakanin tura mai saye kai tsaye da tarbarsa a shafi

Asalin lamarin

Wanda lamarin ya shafa matashi ne ɗan shekara 27, mai gyaran waya da sayar da caja a wani ƙaramin shago kusa da babbar kasuwar Maraɗi. Ya yi karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, yana karanta Faransanci ba wahala, kuma sana'arsa ta tara masa lambobin mutane kusan 600 a WhatsApp. A watan Janairun 2025 ya shiga tsarin dillanci na wani kamfani da ke Yamai, mai sayar da kayan sola ta intanet: fitilu, batura, da fanka mai caji wadda ke zuwa da ɗan faifan sola.

Ba da ka ya zaɓi kayan ba. Tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, mutanen Maraɗi suka ƙara sanin darajar abin da rana ke cajawa. An maido da wutar a Maris 2024, amma ɗaukewar kuran da bazara ba baƙon abu ba ne, ga shi a Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40.

Yadda dillancin ke tafiya shi ne, kamfani ya ba shi mahaɗi na musamman, wato adireshin da ake latsawa a shiga shagon kamfanin, mai ɗauke da lambarsa. Duk wanda ya latsa, shafin kamfanin zai ajiye wata ƴar alama da ake kira kuki a cikin manhajar da ya buɗe shafin da ita. In mutumin ya saya kafin alamar ta mutu, la'ada ta dillalin ce. Tsarin ya daɗe a duniya. Amazon ta fara nata tun 1996, kuma alamarta awa 24 kacal take yi. Sharuɗɗan kamfanin na Yamai sun fi haka sassauci: alama na yin kwana 7, la'ada kashi 8 cikin 100, ana biya a ƙarshen wata bayan kaya sun shiga hannun mai saye. Fanka da faifanta jika 45 ce, wato sefa 45,000, la'adarta sefa 3,600. Fitila jika 15, la'adarta sefa 1,200. Kaya na zuwa ta motocin bas, tafiyar sama da kilomita 600, mai saye ya je tasha ya karɓa.

Hanya biyu ce a gaban duk mai wannan harka. Ko ya ba mutane mahaɗin kamfani su faɗa shagon kai tsaye, ko ya gina ɗan shafi nasa na kansa, shafin tarba, inda mutum zai fara sauka ya karanta bayani kafin ya wuce shagon. Ta farko ba ta cin kuɗi, ba ta cin lokaci. Ta biyu tana ƙara wa mai saye taki ɗaya, kuma kowane ƙarin taki yana zubar da mutane, sai dai tana ba dillali wurin da zai yi magana. Matashin ya bi duka biyun cikin wata bakwai, yana rubuta komai a littafin da yake rubuta bashin shago. Daga littafin nan da allon lissafin kamfanin, wato shafin da ke nuna wa dillali yawan latsawa da cinikinsa, aka ɗauko alƙaluman da za su biyo.

Fabrairu 2025: kai tsaye, ga waɗanda suka san shi

Da abin da ke hannunsa ya fara. Kowace yamma yakan sa hoton fanka ko fitila a status ɗinsa na WhatsApp, da farashi, da mahaɗin kamfani a ƙasa. Mutum 200 ko kusa da haka ke kallo. Cikin mako huɗu allon kamfanin ya nuna latsawa 140 da ciniki 5, fanka 3 da fitila 2. La'ada ta kama sefa 13,200, bai kashe komai ba sai kuɗin data.

Akwai wani abu da littafin ya riƙe wanda shi bai ba shi muhimmanci ba a lokacin. Huɗu daga cikin biyar ɗin sai da suka zo shagonsa ko suka kira shi kafin su biya. Wani dattijo mai sayar da yadi ma wayarsa ya miƙa masa, ya ce: "Yaro, kai ka san karatun nasara, danna mini inda ake dannawa." Shi ya cike masa odar, shi ya raka shi ofishin aika kuɗi.

Maris 2025: kai tsaye, da tallar kuɗi

Azumi ya kama a farkon Maris, zafi na ta ƙaruwa, sai ya ga lokacin faɗaɗawa ya yi. Ya sayi katin banki irin wanda ake lodawa, ya zuba jika 30 a tallar Facebook ta mako uku, ya saita ta ga mazauna Maraɗi da kewaye: Tibiri, Madarunfa, Gidan Rumji. Hoton da ya yi masa aiki a status shi ya sa, da mahaɗin kamfani. Kafin nan ya karanta yarjejeniyarsa ya ga ba a hana ba. Karatun nan ba ƙaramin abu ba ne, domin kamfanoni da dama sun haramta wa dillalansu ɗaura mahaɗi kai tsaye a tallar kuɗi. Amazon, alal misali, ba ta biyan la'ada a kan cinikin da ya zo ta tallar da dillali ya saya a injin bincike ya nufi shagonta kai tsaye.

Facebook ta ƙirga latsawa 1,200, wato sefa 25 kowace latsawa. Allon kamfanin kuwa mutum 700 ya gani. Ciniki 2, duka fanka, la'ada sefa 7,200. Asara sefa 22,800.

Mutum 500 ke nan suka ɓace tsakanin latsawa da buɗewar shafi. Wasu yatsa ne ya zame musu, wasu jira ya ishe su. Shafin kamfanin cike yake da manyan hotuna, an gina shi ne don mai intanet mai ƙarfi. Wani binciken Google na 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga ta waya suna juyawa in shafi ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. To, ina ga mai ƙaramar Itel a Madarunfa, wanda datar kwana ɗaya ya saya, yana lissafin kowace mega?

Babu abin da zai iya gyarawa a shafin, tunda ba nasa ba ne. Ba zai iya sa piksel ba, ɗan rubutun nan da ke gaya wa Facebook wanda ya iso da wanda ya saya. In babu shi, latsawa kaɗai tsarin tallar ya sani, don haka masu saurin latsawa zai yi ta nemowa, ko da ba su taɓa sayen allura ta intanet ba. Cikin mutum 700 da suka iso kuma, ba shi da lambar ko ɗaya. Shi ya biya kuɗin kawo su, amma ba shi da hanyar sake yi musu magana.

1 zuwa 14 ga Afrilu: shafin tarba na farko

Bayan ƙaramar Salla, wani abokinsa da ke irin wannan harka a Kano ya ba shi shawarar ya gina shafin tarba. Ya ɗauki wani tsari da aka riga aka zana a ɗaya daga cikin wuraren gina shafi kyauta, ya cika shi cikin dare ɗaya. A sama akwai bidiyon minti biyu mai tashi da kansa. Ƙasa da shi agogo mai ƙirga lokaci baya, wai rangwame zai ƙare, alhali babu wani rangwame. Sai bayanin fankar da ya kwafo daga shafin kamfani, da Faransancinsa yadda yake. Sai fam mai neman suna da imel da lambar waya, wanda ba dole ba ne a cike, sannan maɓallin wucewa shago. Yayansa ya ranta masa jika 20 na talla.

Wannan karon ya sa piksel, don haka ya ga abin da ke faruwa. Latsawa 800. Waɗanda shafin ya buɗe musu 350. Waɗanda suka cike fam 22. Waɗanda suka wuce shagon kamfani 60. Ciniki 1, la'ada sefa 3,600, asara sefa 16,400.

Da aka auna shafin daga baya, nauyinsa ya kusa mega 6, galibi saboda bidiyon. Ya fi na kamfanin ma nauyi. Imel ɗin da fam ke nema kuwa, yawancin mutanen nan ba su da shi sai wanda mai gyaran waya ya buɗe musu ranar da suka sayi wayar, ba su ma riƙe shi a ka ba. Wanda ya daure ya jira shafin ya buɗe, abin da zai tarar shi ne bayanin da zai sake tararwa a shafin kamfani. Irin wannan shafi, wanda ba ya ƙara wa mai karatu komai sai dai ya miƙa shi gaba, ƙa'idojin tallar Google ma ba su yarda da shi ba.

Zuwa tsakiyar Afrilu, in aka cire ribar Fabrairu, sefa 26,000 ta bi ruwa. Yayan ya ce masa: "Ƙanena, ka koma kan gyaran wayarka, bashina ka biya a hankali." Ya dakatar da talla.

15 ga Afrilu zuwa 4 ga Mayu: kiran mutum 22

Abu ɗaya shafin farko ya bar masa, lambobin mutum 22 ɗin da suka cike fam. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kira, 15 suka ɗauka. Tambaya ɗaya yake yi bayan gaisuwa: me ya hana ku saye?

Huɗu suka ce ai sun saya. Allon kamfanin kuwa ciniki ɗaya ya nuna a watan. Da ya bi diddigi, sai ya gano biyu sun ga lambar wayar kamfanin a shafin shago, suka kira, suka yi oda da baki, suka je ofishin aika kuɗi suka biya. Na uku ya ga tallar da rana a cikin Facebook, ya rufe, da dare ya sa ɗansa ya nemo shagon a Chrome. Alamar tana can cikin ɗan burawuzan, wato abin buɗe shafuka, da ke cikin manhajar Facebook, wanda ma'ajiyarsa dabam take da ta Chrome, don haka shagon ya ɗauke shi baƙon da ya zo da ƙafarsa. La'adar fanka uku, sefa 10,800, ta salwanta ba tare da wani ya cuce shi ba. Tsarin ne ba ya ganin cinikin da aka ƙulla da baki.

Sauran 11 ba su saya ba, kuma dalilansu sun yi kama da juna. Nawa ne har da kuɗin mota? Awa nawa take yi in an caja ta? Ni da ba ni da katin banki, ina zan biya? In ta lalace wa zan kama? Wata hajiya a unguwar Zariya ta ce masa: "Ɗana, ni ba na aika jika arba'in da biyar wurin wanda ban san ƙofar gidansa ba." Amsoshin wasu tambayoyin suna nan a shafin kamfani, amma can ƙasa, da ƙananan haruffa, da Faransanci. Da yawansu ba sa karanta Faransanci, wasu ko Hausar boko ba sa karantawa, da saƙon murya suke duk harkarsu. A ƙarshen Maris ɗin shekarar ne sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, amma shagunan intanet ba su canja harshe don haka ba.

Abu biyu ya yi da wannan bayani. Na farko, ya kira mai kula da dillalai a kamfanin, ya ba shi lambobin mutum ukun, aka duba aka ga gaskiya ne. Ba a biya shi na baya ba, tunda yarjejeniya a kan alama take. Amma an yarda a ba shi lambar rangwame: duk wanda ya faɗe ta, ko a shafi ko ta waya, za a rage masa sefa 1,000, a rubuta cinikin da sunan dillalin, la'ada kuma na nan a kan cikakken farashi. Da baki aka yi wannan magana, ta waya.

Na biyu, ya sayi fanka ɗaya da kuɗin shago ya ajiye a kan teburinsa, ya gwada ta. Kwali ya ce awa 10. Shi ya samu awa 6 zuwa 7 a matsakaicin gudu. Ya rubuta abin da ya samu.

5 zuwa 18 ga Mayu: gwaji gefe da gefe

Shafi na biyu bai kai rabin mega ba. Hoto ɗaya ne a ciki, na fankar a shagonsa, shi ma yana tsaye a gefe. Rubutun da Hausa yake, gajere: jika 45, in an faɗi lamba jika 44, ga kuɗin mota zuwa Maraɗi, ga kwanakin da kaya ke yi kafin su iso. Ya rubuta awa 6 zuwa 7, ya ce shi ya gwada. Ya bayyana cewa ba sai da kati ba, ana iya biya ta ofishin aika kuɗi na Nita ko Amana, ko ta kuɗin waya. Ya faɗi tsawon garanti da inda ake mayar da kaya. Akwai saƙon murya na daƙiƙa 40 mai maimaita duk wannan, wanda ba ya tashi sai an danna. Ya rubuta a fili cewa shi dillali ne, yana samun la'ada daga kamfani, kuma la'adar ba ta ƙara wa mai saye komai. Ya sa kwatancen shagonsa ga mai son ganin fankar da ido. Maɓalli biyu ne a ƙasa, ɗaya na shagon kamfani, ɗaya na yi masa magana a WhatsApp. Babu agogo, babu fam.

Ya tsara talla biyu masu hoto ɗaya, rubutu ɗaya, yanki ɗaya, kowace jika 20, ya yi amfani da tsarin gwajin da Facebook ke da shi na raba jama'a gida biyu don kada mutum ɗaya ya ga duka. Ɗaya na zuwa shagon kamfani kai tsaye, ɗaya na zuwa sabon shafin. Ya nemi lambar rangwame biyu, kowace talla da tata, domin a ƙirga cinikin waya a kowane ɓangare.

Ta kai tsaye ta samu latsawa 760, mutum 450 suka isa shago, ciniki 3, duka fanka. Ɗaya ta alama aka gane shi, biyu ta lamba. La'ada sefa 10,800, asara sefa 9,200.

Ta shafin tarba ta samu latsawa 790, shafin ya buɗe wa 690. Daga cikinsu 120 suka wuce shagon kamfani, 85 suka yi masa magana a WhatsApp. Ciniki 11, fanka 9 da fitila 2. Huɗu ta alama, bakwai ta lamba, kuma duk bakwai ɗin sai da suka yi magana da shi. La'ada sefa 34,800, riba sefa 14,800. Mutum shida sun tako har shago sun ga fankar tana juyawa kafin su biya.

Akwai kuɗin da littafin bai rubuta ba. Amsa wa mutum 85, galibi da saƙon murya, ya riƙa cinye masa dare bayan isha'i, har wayoyin gyara suka taru a shago.

A makonnin nan biyu ya yi wani ƙaramin gwaji a status ɗinsa. Makon farko mahaɗin kai tsaye da lamba, ciniki 4. Mako na biyu shafin tarba, ciniki 3. Jimilla fanka 5 da fitila 2, la'ada sefa 20,400. Wani tsohon mai hulɗa da shi ya aiko masa da murya a mako na biyu: "Malam, ni ai na ga fankar a wurinka, ba ni wurin biya kawai."

Tallar da ta kawo riba ba ta ci gaba ba bayan 18 ga wata. La'ada sai ƙarshen wata take fitowa, kuɗin hannunsa kuwa sun ƙare, don haka makonni biyun ƙarshe na tsananin zafi sun wuce ba talla.

Yuni zuwa Agusta: damina

Layya ta zo a farkon Yuni, kuɗin mutane suka tafi ga rago, ruwa kuma ya fara sauka. A tsakiyar watan ya sake sa jika 10 a tallar shafin tarba, bai canja komai ba. Ciniki 2, la'ada sefa 7,200, asara sefa 2,800. Ya tsayar da tallar fanka.

A Yuli kamfanin ya ɗaga farashin fanka zuwa jika 48. Shafinsa ya yi kusan mako yana nuna tsohon farashi, har wani ya je biya ya tarar da bambanci, ya zo shago da fushi. Mahaɗin kai tsaye ba ya haifar da irin wannan, tunda farashin da mutum ya gani na kamfani ne. Tun daga nan yake duba farashi kowace safiya. A watan ne kuma wani mai saye daga Tibiri ya kawo masa fankar da ta daina caji. Ba Yamai ya kira ba, wurin wanda ya ga fuskarsa a shafi ya zo. Matashin ya aika ta ta mota, aka sauya bayan mako biyu.

Cikin waɗanda suka yi masa magana a Mayu da Yuni, ya nemi izinin ci gaba da aika musu bayanin kaya, kusan 60 suka amince. A Yuli da Agusta ya aika musu hoton fitila da mahaɗin kai tsaye da lambar rangwame, ba shafi a tsakani. Fitila 9 suka fita, la'ada sefa 10,800, ba kuɗin talla.

In aka haɗa gwaje-gwajen da aka zayyana a nan, daga Fabrairu zuwa Agusta, abin da ya rage masa sefa 8,000 ne, ban da kuɗin data da na fankar da ke kan teburinsa.

Hukunci

A ganina, abin da ya raba watannin da suka kawo riba da waɗanda suka kawo asara shi ne ko wanda ya latsa yana da sauran tambaya a ransa, da kuma ko akwai mai amsa masa. Nasarar Fabrairu ta ruɗe shi, domin a ido turawa kai tsaye ce, amma huɗu cikin biyar shi da bakinsa ya yi musu aikin da shafin tarba ke yi. A Maris ya kai mahaɗin ga mutanen da ba su san shi ba, babu mai amsa musu. A Afrilu ya ƙara musu taki da nauyi, bai amsa komai ba. A Mayu ne kawai baƙo ya tarar da amsa da harshensa, a shafin da wayarsa za ta iya buɗewa. Baƙo a zaure ake tarbarsa, ɗan gida kuwa wucewa yake yi, shi ya sa a status da kuma cikin mutum 60 ɗin damina mahaɗin kai tsaye ya wadatar, shafin ma tsaiko ya zame wa wasu.

Waɗanda suka isa shagon kamfani ta shafin tarba 120 ne, na kai tsaye 450, amma cinikin ƙalilan ɗin ya kusa ninka na masu yawan sau huɗu. Mai ƙirga yawan mutanen da ya tura shago zai ɗauka shafin asara yake jawowa. Ciniki 11 da 3 ba adadi ne mai yawa ba, kuma mako biyu ne na tsananin zafi, don haka kada a ɗauki ninkin nan a matsayin doka. Abin da alƙaluman suka tabbatar ba shakka shi ne tasirin nauyi: 350 cikin 800 a Afrilu, 690 cikin 790 a Mayu.

Amma ni lambar rangwamen ce na fi ba muhimmanci, fiye da shafin kansa. Da a ce alamar kuki kaɗai aka dogara da ita a Mayu, da ciniki 1 da 4 za a gani, kuma ko da huɗun duka fanka ne, sefa 14,400 ba ta mayar da jika 20 ba. Da ya rufe littafi yana ganin duka hanyoyin biyu asara ce, alhali kaya na fita. A garin da ciniki ke ƙarewa da kiran waya da tsabar kuɗi a ofishin aikawa, dillalin da bai fara samun hanyar kama cinikin baki ba, gwajinsa na kai tsaye da shafin tarba ba zai gaya masa gaskiya ba.

Akwai kuma lissafin da ya kamata a yi tun kafin a loda kati. In latsawa sefa 25 ce, la'ada kuma sefa 3,600, sai an samu ciniki ɗaya cikin kowace latsawa 144 kafin a mayar da uwar kuɗi. Maris ta ba da ɗaya cikin 600, Afrilu ɗaya cikin 800, kai tsayen Mayu ɗaya cikin 253, shafin tarba ɗaya cikin 72. Fitila kuwa, mai la'adar sefa 1,200, sai ɗaya cikin 48, abin da ko shafin mai kyau bai kai ba. Tallar kuɗi ba ta fitila ba ce. Ina jin zafin yadda ake jawo matasanmu cikin wannan harka da alƙawarin kuɗin dare ɗaya, ba a nuna musu wannan rabawa da ba ta wuce minti ɗaya ba. Ga mai ilimi, mai shago, mai jama'a 600, ya yi wata bakwai ya tashi da jika 8, da shafi mai aiki, da mutanen da suka yarda ya yi musu magana.

Rauni biyu suka rage, kuma kafin bazara ta dawo ya kamata a gyara su. Kuɗin talla sai an tanade su tun Fabrairu, domin kada jiran la'adar ƙarshen wata ya sake tsayar da shi a tsakiyar zafi. Lambar rangwamen kuma, wadda bakwai cikin cinikin 11 suka rataya a kanta, har yanzu maganar baki ce tsakaninsa da ma'aikaci ɗaya. In wannan ma'aikacin ya bar aiki, babu takardar da zai nuna. Ya kamata ya nemi a rubuta ta a cikin yarjejeniya, da sharaɗin sanar da shi kafin a canja farashi.